Ƙanena ya yi gajeren fim, ya ce in gaya masa gaskiya: ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, ƙanena ɗalibi ne a nan Zariya. Shi da abokansa sun haɗa fim na minti 14 da waya. Labarin wani dattijo ne mai ɗinkin hannu a cikin birni, idonsa ya fara rauni, sai ɗansa ya riƙa kai rigunan mutane wurin masu keken ɗinki a ɓoye. A ƙarshe uban ya shafa wata riga ya yi shiru, fim ya ƙare. Ban gane ba sai da ya yi mini bayani cewa da yatsu uban ya gane ɗinkin keke ne. Maganar 'yan wasan ba ta fita sosai, kuma na gaji kafin a kai rabi. Da ya tura a zauren WhatsApp kowa ya ce Masha Allah, sai mutum ɗaya ya ce ya koma karatunsa tunda ko murya ba a ji. Ya yi fushi ya fita daga zauren. Yanzu ya ce in gaya masa gaskiya, ni kuma ina tsoron kashe masa gwiwa. Yaya zan yi, kuma shi yaya ya kamata ya riƙa karɓar gyara?

Amsa: Malama, abin da kika rubuto ya ishe ki jari. Kin san inda kika gaji, kin san maganar da kunnenki bai kama ba, kin san wurin da labarin ya ɓace miki. Waɗannan su ne abin da mai fim ya fi buƙata daga mai kallo, kuma ba sai an san kyamara ake iya faɗar su ba. Ƙanenki ya fi ki sanin fim ɗinsa nesa ba kusa ba, amma tun ranar da ya rubuta labarin ya rasa abu ɗaya da ba zai dawo masa ba, wato idon wanda bai san abin da zai faru ba. Ya haddace duk kalmar da dattijon ya furta, saboda haka ko iska ta cinye maganar, shi yana jin ta sarai a kansa. Ya san idon tsohon ya raunana, ko an nuna a allo ko ba a nuna ba, domin shi ya ƙirƙiro shi.

Abin da ke hana mu faɗa kara ce, kuma ban raina kara ba, da ita muke zaman lafiya da juna. Masha Allah addu'a ce mai kyau, ta dace da yaron da ya tashi ya tara abokai ya kammala abu, alhali da yawa sun fara sun watsar. Sai dai ba ta gaya masa komai a kan minti na bakwai ba. Na sha ganin matasa a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada sun kai fim na uku da kuskuren da ke cikin na farko, saboda duk wanda ya gani kara ya yi musu. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin shekarun ƙarfinsu ne suke tafiya. Ya zo a hadisi cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Tunda ya ce ki gaya masa gaskiya, amanar ta hau kanki.

Shi kuwa mutumin zauren, magana biyu ya haɗa a baki ɗaya. Ɗaya a kan aiki, cewa ba a jin murya, kuma ke ma kin tabbatar. Ɗayar a kan mutum, cewa bai cancanci yin fim ba. Ta biyun ce ta toshe kunnen yaron ga ta farkon. A 1996 wasu masana halayyar ɗan Adam, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamako 607 daga binciken da aka yi a kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance. A jimlace abin yana inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin baya ya yi bayan an yi maganar. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da magana ta janye hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan kansa, amfaninta yana raguwa. Yabo ma yana shiga nan. "Kai ai da daraktanci aka haife ka" da "kai ba ka iya ba" duk a kan yaron suke, babu wadda ta taɓa fim ɗin. Ga shi kuma an yi masa a gaban jama'a, alhali malamanmu sun daɗe da cewa nasihar da aka yi a taro tozarci take komawa.

Kafin ki ce komai, ki tambaye shi ko ya rufe fim ɗin ko har yanzu yana kan tacewa. In abin da suka ɗauka yana nan a ajiye, ana iya rage tsawo, a gyara sauti, har a ƙaro 'yan ƙananan ɗauka. In kuwa wanda ya fito a dattijon ya yi tafiya, cewa a sake sin ɗin tsakiya, wato fitowar da ke tsakiyar fim ɗin, gaba ɗaya ɗora masa baƙin ciki ne kawai. Irin wannan ki ce masa ƙarara ta fim na gaba ce.

Sai ki sake kallo, amma ba wanda ya tura a zaure ba. WhatsApp yana matse bidiyo, hoto ya dushe, sai ki ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Ya turo miki asalin fayil ɗin. Ki kalla sau ɗaya da iyafis, sau ɗaya da lasifikar waya, domin da ita yawancin mutanenmu za su kalla. Ki riƙe biro da takarda, duk inda wani abu ya faru a ranki ki rubuta shi da mintinsa. A 2:10 na yi murmushi. Daga 4:30 zuwa 6:00 hankalina ya tafi kan girki. A 7:15 ban ji abin da uban ya ce ba. A 9:40 na ɗauka ɗan zai tona wa kansa asiri, na matsu in gani. Irin wannan magana ba ta musuntuwa. In kika ce fim ya yi tsawo, zai ce ai labarin ne ya buƙaci haka, ku shiga gardama. In kika ce a minti na huɗu da rabi hankalinki ya tafi, ba abin da ya rage masa sai ya je ya duba me ke wurin.

Ki fara da abin da ya yi kyau, amma ba don ki lasa masa zuma kafin maɗaci ba. Yara sun gane wannan dabarar, "amma" kawai suke jira. Dalilin shi ne sabon mai fim bai san abin da ya dace da shi ba kamar yadda bai san abin da ya ɓata ba, kuma in ba a nuna masa ba, mai kyan zai fara yankewa ran da ya zauna gyara. Daga bayaninki ni na ga abin yabo babba. Uba ya shafa riga, yatsunsa suka gaya masa, ya yi shiru. Da yawa daga waɗanda suka daɗe a harkar nan da sun sa dattijon ya yi jawabin minti biyar, ɗan ya durƙusa yana kuka, kiɗan tausayi ya tashi. Yaron da ya zaɓi shirun nan a fim ɗinsa na farko yana da ido. Kuma daga ƙofar gidansu ya ɗauko labarin, daga zaurukan birni inda ake zama da allura da zare ana fitar da aska biyu da aska takwas, bai je ya kwaso na Indiya ba. Ki gaya masa haka, ki ce kada ya taɓa wurin nan.

A nan kuma haɗarin yake, ina so ki tsaya ki fahimce shi sosai. In kika ce masa "ban gane ƙarshen ba" kika yi shiru, abin da zai yi shi ne ya koma ya ƙara magana a ƙarshen, ya sa uban ya ce "Ɗana, na san abin da kake yi." Shi ke nan gaskiyar da kika faɗa ta rushe wuri mafi kyau a fim ɗin. Walter Murch, editan nan na Amurka, wato mai tace finafinai, da ya ci kyautar Oscar sau uku, ya kwatanta ra'ayin 'yan kallo da majinyacin da ya zo yana kukan gwiwar hannu, alhali jijiya ce ta danne a kafaɗa. Likitan da ya yi gaggawa zai yanka gwiwar hannun, ciwo yana nan, ya ƙara wani a kai. Mai kallo gaskiya yake faɗa a kan inda ya ji zafin, amma sau da yawa tushen yana can baya, a wani sin da bai ba da abin da ya kamata ya bayar ba.

Ina kyautata zaton haka abin yake a fim ɗin ƙanenki. Kafin shirun ƙarshe ya yi magana, sai mai kallo ya riga ya san abu biyu tun da wuri: cewa tsohon nan da yatsu yake gani yanzu, da cewa ɗinkin hannu da na keke ba ɗaya suke ba in an taɓa. Ki duba mintuna uku na farko. An nuna shi yana laluben kafar allura ya kasa zura zare? An nuna shi ya juya riga yana bin bayan ɗinkin da yatsa? In ba a nuna ba, ga ciwon nan. Maganinsa kuwa ɗauka biyu ce ta kusa, hannu da riga kawai, kowace ba ta wuce sakan biyar ba, ko fuskar ɗan wasan ba a buƙata. Da hantsi ɗaya za a gama a bakin zaure. Amma ke kada ki miƙa masa maganin. Ki tambaye shi, "A wane wuri ka nuna mana cewa Baba yana gane ɗinki da hannunsa?" Ki bar shi ya nema. In ya nema ya rasa, ya koyi abin da zai bi shi muddin yana wannan sana'a, kuma zai riƙe shi da kyau domin shi ya gano.

Sai dai a kula da irin tambayar. Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye a Amurka, ta shimfiɗa wani tsarin ba da ra'ayi a 1990 wanda makarantun fasaha da dama suke bi, kuma a cikin matakansa huɗu akwai yin tambayar da ba a ɓoye hukunci a cikinta ba, da neman izinin mai aiki kafin a faɗi ra'ayi. "Me ya sa ka cika fim ɗin da kiɗa haka?" hukunci ne aka sa wa alamar tambaya. "Me kake so kiɗan ya yi a sin ɗin kasuwa?" ita ce za ta sa shi tunani.

Batun murya kuwa kada ki sassauta. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu ko mai rawa, amma ba sa haƙuri da maganar da ba sa ji, balle mu da labaranmu a kan zance suke tafiya. Naki aikin ki rubuta masa layukan da suka ɓace miki da mintinsu. Sauran bayanin nan nasa ne. Kusan kullum nisa ne dalili. Wayar da ke ɗaukar hoto tana taku biyar ko shida daga bakin mai magana, kuma duk lokacin da nisan ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana faɗuwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarar gari kuwa tana nan yadda take. Zariya ba ta rasa ƙara: babura da Keke Napep, janareta, injin markaɗe, ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke shawagi, ga iskar hunturu in lokacinta ne. Ƙara sauti a kwamfuta ba ya magani, domin murya da ƙarar tare suke tashi. Sai an kusanto da makirufo, ko ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ko waya ta biyu a aljihun gaba tana naɗar murya kaɗai, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don a samu wurin haɗa sauti da hoto. Wanda aka riga aka ɗauka kuwa, a kira 'yan wasan su maimaita layukan da suka lalace a ɗaki mai katifa da labule da darduma, ba mai tayil da ke amsa kuwwa ba. A kuma koma zauren da aka yi ɗaukar a naɗi shirunsa na kamar minti ɗaya a shimfiɗa a ƙarƙashi, don kada sabuwar muryar ta fito tsirara. Sannan a rage kiɗa. Sau da yawa muryar lafiyarta lau, kiɗan da aka ɗora ne ya danne ta.

Minti 14 ba laifi ba ne a ƙa'ida, gasar gajerun finafinai ta Cannes a Faransa tana karɓar har minti 15. Gajiyarki tana nufin akwai mintunan da ba sa ɗauke da komai. Wuraren da lokaci ya saba zubewa sanannu ne: sunaye da tambari da godiya tun kafin a ga fuskar kowa, mutum ya fito gida ya rufe ƙofa ya hau babur ya bi titi ya sauka ya yi sallama, sannan ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, a kowane sin. Gaisuwa tamu ce, ban ce a fitar da ita daga finafinanmu ba. Gaisuwar ɗan da ke ɓoye wa ubansa abu, yana durƙushe ya ƙi ɗaga ido, ita kanta labari ce. Wadda aka sa don haka ake yi a gari ita ke cin lokaci. Ya ajiye kwafin da ke nan, ya gwada haɗa wani na minti tara ko goma, ya kalli biyun a jere. In ya san na farkon yana nan bai ɓata ba, hannunsa zai fi sakewa wajen yanka.

Akwai kuma abin da za ki haɗiye. In hular ɗan ta karkata dama a wannan ɗauka ta koma hagu a ta gaba, ki bari sai in ya tambaya. Murch ya jera abu shida da edita ke aunawa kafin ya yanka, ya ba motsin zuciyar mai kallo kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, daidaiton wurin da mutane suke tsaye kuwa kashi 4 kacal. Masu sharhi da yawa daga ƙasan jerin suke farawa saboda ya fi sauƙin gani. Kada ki ce ya nemi babbar kyamara, samarin nan na Kaduna da ake kira The Critics da waya mai tsagaggen gilashi suka yi gajerun finafinan da duniya ta san su da su a 2019. Kada kuma ki ba shi labarin da ke za ki yi, irin "da ka sa uban ya rasu". Abu uku sun isa zama ɗaya. In kika kawo goma sha biyar, masu sauƙin zai gyara ya bar masu nauyin.

Ki tuna ke yayarsa ce. Tarbiyyarmu za ta sa ya sunkuyar da kai ya ce "To, Yaya", ko ya yarda ko bai yarda ba, kuma wannan "to" ba ta da amfani gare ku duka. Ki faɗa masa da bakinki cewa fim nasa ne, ya ɗauki abin da ya ga dama ya bar saura, ba za ki ji haushi ba. Ko a Pixar, kamfanin finafinan zane na Amurka, majalisar manyan da ke kallon fim yana kan aiki su faɗi ra'ayinsu ba ta da ikon tilasta wa darakta komai. Ku zauna ku biyu, ba a gaban abokansa ba, ba kuma ta saƙon waya ba, domin kalmar da kika rubuta da tausayi yana iya karanta ta da faɗa.

Saura kai, ƙanena, in Yaya ta miƙa maka wannan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka yi wa masu kallo shimfiɗa kafin ka kunna, cewa batir ya ƙare ranar, ɗan wasa ya makara, abin da kake nufi a ƙarshe kaza ne. Da zarar ka faɗi nufinka, mutumin ba zai ƙara yi maka amfani a wannan gwajin ba. Yaya ma yanzu ta san sirrin ƙarshen, saboda haka bayan gyara sai ka nemo waɗanda ba su taɓa gani ba. Ka zauna a bayansu, su za ka kalla, ba allon ba. Lokacin da mutum ya gyara zama, ya duba wayarsa, ya juya ya yi wa na kusa magana, ko ya daina tauna gyaɗar da ke bakinsa, duk ya fi abin da zai gaya maka daga baya gaskiya, domin jiki ba ya kara.

In an gama kada ka ce "Yaya kuka gani?" Amsarta ɗaya ce a garin nan, ka riga ka san ta. Ka ce wa mutum ya ba ka labarin fim ɗin kamar yana ba wanda bai gani ba. A nan za ka ji abin da ya isa gare shi da abin da ya maƙale a kanka bai fito ba. Ka tambaye shi yaushe ya gane idon Baba ya samu matsala, bayan wa yake tsakanin uban da ɗan, in dole a cire sin ɗaya wanne zai cire. Ta ƙarshen nan tana buɗe bakin mai kunya, domin zai nuna wuri mai rauni ba tare da ya kushe ka ba. Ka tambaye su ɗai-ɗai, domin a taro abin da babba ko mai baki ya fara faɗa shi saura za su bi. Wanda ya yaba ma kada ka sake shi. Ka ce na gode, wane wuri ne?

Ana magana, kai dai ka rubuta. Za ka ji zuciyarka tana tafasa, bayani yana cin bakinka, domin ka san wahalar da ka sha a kan sin ɗin da ake cewa a cire. Wannan zafin kowa yana jin sa, har waɗanda suka tsufa a sana'ar. Amma ba za ka bi fim ɗinka waya-waya kana yi wa mutane bayani ba. In mai kallo bai gane ba, to bai gane ba, ko da amsar tana kanka. Abin da za ka iya cewa shi ne, a daidai ina, me ka zata zai faru. Sannan ka rufe takardar ka bar ta kwana biyu kafin ka taɓa fim ɗin. Gyaran da aka yi cikin fushi ko karayar zuciya yawanci sai an warware shi.

Ran da ka buɗe ta, ka tace. Wurin da mutum uku da ba su haɗu ba suka nuna, akwai matsala a wurin, ko da kowannensu ya kira ta da suna daban. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ka duba ko son ransa ne, kamar wanda ba ya son fim sai da waƙa. Ka gaskata mutane a kan inda suka ji zafi, ka yi taka-tsantsan da maganin da suka rubuta maka, domin su minti 14 suka zauna da labarin, kai kuwa tun kafin ya hau takarda kake tare da shi. Akwai kuma wadda za ta soke ka tun mai ita bai rufe baki ba, saboda dama ka sani, kana fatan ba wanda zai lura. Da ita za ka fara.

Ka zaɓi masu kallonka. Waɗanda suka fito a fim ɗin fuskarsu suke kallo, abokanka kuwa kai suke kallo. Garin da kake zaune yana da tarihin wannan abu. Tun shekarun 1970 masu koyon wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello suke fita da wasanninsu cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, su yi a gaban mutanen da labarin ya shafa, sannan a zauna a tattauna. Ka yi koyi da su, ka kai fim ɗin zauren masu ɗinki a cikin birni. Su za su gaya maka in ɗan wasanka bai iya riƙon allura ba, su ne kuma za su san ko uba zai yi shiru a irin wannan hali. Ka samu ɗalibi ko malami a sashen wasan kwaikwayo ko na aikin jarida ya duba maka ɓangaren sana'a, ka kuma nuna wa wata uwa da ba ruwanta da harkar fim.

Mutumin zaure bai yi maka adalci ba, kuma ba shi zai yanke ko za ka yi fim ko ba za ka yi ba. Amma ya ce ba a jin murya, Yaya ma ta ce haka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka ɗauki rabin maganarsa mai amfani ka bar masa saura. In ka saba fita daga duk inda aka soke ka, za ka wayi gari ba kowa a gefenka sai masu yi maka kara, kuma ran da fim ya hau YouTube ko TikTok za ka gamu da waɗanda suka fi shi kaushin baki.

Ka sa wa gyaran iyaka. Zagaye biyu ya isa: ka gyara, ka nuna wa waɗanda ba su gani ba, ka sake taɓawa, ka rufe. Akwai matasan da suka shekara suna juya fim ɗaya har sha'awar ta mutu. Kafin ka sake shi a intanet, ka karanta sharuɗɗan bukukuwan finafinai irin na Kaduna da Zuma na Abuja in kana da niyyar turawa, domin akwai bukukuwan da ba sa karɓar abin da aka riga aka watsa, kuma ka tanadi fassarar Turanci a ƙasan allo. Abin da bai gyaru ba ka rubuta shi a shafin farko na littafin fim na biyu. A wannan karon ka kai wa Yaya rubutun labarin tun kafin ka kira 'yan wasa, ta karanta ta nuna maka inda ta ɓace, lokacin da sauya sin bai wuce ka soke layi da biro ba.